Dabarar Picard: Yadda jirgin yaƙi ɗaya ke bayyana a wuri biyu, da abin da hakan ke koya wa masu kallon waya a Gure

A cikin dukan dabarun yaƙin sararin samaniya da marubutan fina-finai suka ƙirƙira, kaɗan ne suka yi suna kamar wadda ake kira Dabarar Picard. An fara nuna ta a talabijin a watan Nuwamban 1987, cikin shirin Star Trek: The Next Generation na Amurka, kuma har yau masoya shirin na gardama a kanta. A taƙaice, kyaftin ɗin jirgi yana sa abokan gaba su ga jirginsa a wuri biyu a lokaci guda, su harbi wanda babu kowa a cikinsa, shi kuma ya harbe su daga kusa.

Labarin ƙagagge ne, babu jirgin da ya taɓa yin haka. Amma ginshiƙin da aka ɗora shi a kai gaskiya ne, kuma ya shafi duk wanda ke zaune a fada a Gure yana duba waya, ko ɗan ci-rani a Sabha ko Legas da ke jiran labarin gida: abin da ido ya gani yana iya zama tsohon labari.

Yadda abin ya faru a fim

Kashin shirin da aka nuna dabarar sunansa The Battle. Jarumin shi ne Kyaftin Jean-Luc Picard, wanda ɗan wasan Ingila Patrick Stewart ya fito a matsayinsa. A lissafin labarin, a shekarar 2355 Picard yana jagorantar wani jirgi mai suna Stargazer, yana ratsa wani yanki da ake kira Maxia Zeta, sai wani jirgi da ba a san ko na wane ne ba ya buɗe masa wuta ba tare da gargaɗi ba. Kafin a ankara garkuwar Stargazer ta lalace, wuta ta kama a ciki. Harbi ɗaya ya rage a gama da su.

Sai Picard ya ba da umarnin a tayar da injin da ke sa jirgin gudun da ya fi na haske, na ɗan ƙanƙanin lokaci, a tsaya daf da hancin jirgin abokan gaba. Su kuwa na'urorin hangensu da haske suke aiki. Sai ga Stargazer biyu a gabansu, ɗaya can nesa inda suka saba ganinsa, ɗaya a bakin ƙofarsu. Suka harbi na nesa. Picard ya sakar musu duk makaman da suka rage masa, jirginsu ya tarwatse.

Nasarar ba ta zo da araha ba. Stargazer ya lalace har sai da aka bar shi, ma'aikatansa suka yi makonni suna gararamba a ƙananan jirage kafin a cece su. Kuma wanda ke jagorantar jirgin da aka tarwatsa ɗan wani kyaftin ne na jinsin Ferengi mai suna Bok, wanda ya riƙe abin a ransa shekara 9 yana shirin ramuwa.

Me ya sa ido ya ruɗu?

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Dabarar Picard ta ginu ne a kan cewa shi ma ganin yana ɗaukar lokaci kafin ya iso.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan gari yana hango mata suna daka daga nesa ya san misalin. Za ka ga taɓarya ta sauka cikin turmi, sai ta ɗago sama sannan ka ji ƙarar. Haka walƙiya da tsawa a damina. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, wato yana buƙatar kusan daƙiƙa 3 kafin ya ci kilomita ɗaya. Abin da kunnenka ke ji yanzu ya riga ya faru.

Haske ma manzo ne, sai dai ya fi sauri nesa ba kusa ba: kilomita 299,792 a daƙiƙa ɗaya. A cikin daƙiƙar nan zai iya zagaya duniya fiye da sau 7. Shi ya sa a doron ƙasa ba ma lura da jinkirinsa. Wani masanin taurari ɗan Denmark, Ole Rømer, shi ne ya fara nuna a 1676 cewa haske yana da iyakar gudu, bayan ya lura da jinkirin husufin ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupiter.

A sararin samaniya kuwa nisa ya yi yawa, jinkirin sai ya fito fili. Wata yana nisan kimanin kilomita 384,000 daga gare mu, don haka farin watan da ake hange a daren sallah hoton daƙiƙa ɗaya da ɗoriya da ta wuce ne. Hasken rana yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20. Taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta suna nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 440. Hasken da makiyayi ke gani daga gare su a dajin Muniyo a daren yau ya baro can tun zamanin da Mai Idris Alooma ke sarautar Borno.

Yanzu a ɗauka Stargazer yana nisan kilomita 900,000 daga abokan gaba. Hoton da suke gani nasa ya tsufa da daƙiƙa 3. Idan jirgin ya yi tsalle ya riga haskensa isowa, to na tsawon daƙiƙa 3 ɗin nan tsohon hasken zai ci gaba da kwararowa daga inda ya baro, yayin da sabon haske ke fitowa daga inda ya tsaya. Hoto biyu, kuma dukansu na gaskiya ne. Ɗaya na ɗazu, ɗaya na yanzu.

Matafiya a hanyar Gure zuwa Tasker sun san kawalwalniya, inda zafin rairayi ke lanƙwasa haske mutum ya hango ruwa a inda babu. Bambancin shi ne kawalwalniya tana ruɗar mutum game da wuri, Dabarar Picard kuma game da lokaci.

Inda labarin ya yi rauni

Matsala ta farko ita ce ta kimiyya. Tun 1905 Albert Einstein ya nuna cewa duk abin da ke da nauyi, yayin da gudunsa ke kusantar na haske, ƙarfin da ake buƙata don ƙara masa gudu yana ta hauhawa ba iyaka. Gwaje-gwajen fiye da shekara 100 sun tabbatar da haka. Saboda haka jirgin da zai riga haskensa isowa yana nan a fim kawai.

Akwai wuri ɗaya da wani abu mai kama da haka ke faruwa. A cikin ruwa, gudun haske yana raguwa zuwa kimanin kilomita 225,000 a daƙiƙa, kuma wasu ƙananan ƙwayoyin zarra na iya wuce shi a nan. Idan sun yi haka sai ruwan ya ɗauki wani shuɗin haske. Masanin Rasha Pavel Cherenkov ne ya gano wannan, ya kuma sami kyautar Nobel a 1958 tare da abokan aikinsa biyu. Ana ganin wannan shuɗin haske a tafkunan tashoshin nukiliya, irin waɗanda suka daɗe suna aiki da yuraniyom ɗin Arlit.

Matsala ta biyu a cikin labarin kansa take. A sauran kasusuwan Star Trek, jirage suna da na'urorin da ke hango abu nan take komai nisansa. Masoya shirin sun daɗe suna tambaya: in haka ne, yaya za a yaudari jirgi da tsohon haske? Amsar da aka fi bayarwa ita ce dabarar tana cin wanda na'urorinsa suka tsufa ne, ko wanda ya firgita ya gaskata idonsa kafin ya duba sauran alamu.

Marubutan ma ba su bar ta ba magani ba. Da Bok ya dawo ramuwa, ya yi amfani da wata na'ura ya juyar da hankalin Picard, ya sa shi ya hau tsohon Stargazer ya nufi sabon jirginsa, Enterprise, da dabarar da ake koyarwa a makarantar soja cewa ba ta da makari. Sai Data, mutum-mutumin da ke cikin ma'aikatan jirgin, ya kawo shawara: a daina bin hoton, a nemi sawun. Sararin samaniya ba fanko ba ne ƙwarai, akwai ɓurɓushin iska a cikinsa, kuma jirgin da ya kutsa da irin wannan gudu dole ya matse ta a gabansa. Inda aka ga iskar ta matsu, nan jirgin gaskiya yake. Da haka suka kama Stargazer da wani haske mai riƙe jirgi kamar igiya, ba tare da sun harbe shi ba.

Masu bin sawun raƙumi ko saniyar da aka sace a ƙasar Damagaram ba za su ga baƙon abu a nan ba. Ɓarawo na iya sauya riga, amma rairayi ya riga ya rubuta ta inda ya bi.

'Yan uwanta a wasu fina-finai

Yaƙi ɗan zamba ne, kuma kowane babban shirin sararin samaniya yana da tasa zambar. A 2006, shirin Battlestar Galactica ya nuna wadda ake kira Dabarar Adama, sunan kwamandan jirgin ke nan, ba Adamar unguwarku ba. Don ya kuɓutar da mutanensa da aka mamaye a wata duniya, ya sa ƙaton jirginsa ya ɓulla kwatsam a cikin iskar duniyar, inda ba a ƙera shi don ya tashi ba. Jirgin yana faɗowa kamar dutse, wuta na cin jikinsa, ya saki ƙananan jiragen yaƙi, sannan ya ɓace kafin ya daki ƙasa.

A 2017 kuma fim ɗin Star Wars: The Last Jedi ya kawo Dabarar Holdo. Wata kwamanda, wadda Laura Dern ta fito a matsayinta, ta tsaya ita kaɗai a jirgin da kowa ya fice, ta juya shi, ta afka wa babban jirgin abokan gaba da gudun haske, ta raba shi biyu. An ɗauke sautin fim ɗin gaba ɗaya na ɗan lokaci a wurin, har wasu gidajen silima a Amurka suka liƙa sanarwa cewa ba na'ura ce ta lalace ba. Gardamar da ta biyo baya ita ce: in dai hakan na yiwuwa, me ya sa ba a yi ta yi tun farko ba?

Wannan ta biyun tana da 'yar uwa a zahiri. Ranar 26 ga Satumban 2022, hukumar NASA ta Amurka ta kai wa wani dutsen sararin samaniya mai suna Dimorphos karo da kumbon DART da gangan, yana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa. Karon ya rage lokacin zagayen dutsen da kimanin rabin awa. Manufar ita ce a gwada ko za a iya kautar da dutsen da ya nufo duniya. Saboda jinkirin saƙo, kumbon da kansa ya yi saitin ƙarshe, ba mutum daga ƙasa ba.

Jinkirin da ke aiki a sararin Nijar

Yaƙin sararin samaniya na gaskiya ba shi da kyan gani kamar na fim. Yarjejeniyar 1967 ta haramta ajiye makaman nukiliya a can, amma ba ta hana harbo tauraron ɗan'adam ba. A Janairun 2007 Sin ta harbe wani tsohon tauraronta na hasashen yanayi, ya tarwatse zuwa gutsattsari fiye da 3,000 da ake iya bibiya. Amurka ta yi nata a 2008, Indiya a 2019, Rasha a Nuwamban 2021. Gutsattsarin suna yawo da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, kuma ba sa tambayar tauraron wace ƙasa ce kafin su huda shi.

Jinkirin haske kuwa yana cikin aikin yau da kullum. Taurarin sadarwa irin NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba a Disamban 2011, suna tsaye a nisan kilomita 35,786. Saƙo ya hau ya sauko yana cin kusan rubu'in daƙiƙa, tambaya da amsarta rabin daƙiƙa. Shi ne dalilin da ya sa wakilin talabijin ke tsayawa yana gyaɗa kai bayan an gama yi masa tambaya. Taurarin Starlink, wanda ya fara aiki a hukumance a Nijar a 2025, suna yawo ne a nisan kimanin kilomita 550, jinkirinsu bai kai haka ba.

Jirage marasa matuƙa irin MQ-9 da Amurka ta girke a sansaninta na Agadas, kafin ficewar sojojinta a 2024, su ma abin ya shafe su. Idan ana tuƙa irin wannan jirgi daga nesa ta tauraron ɗan'adam, hoton da matuƙi ke gani ya riga ya ɗan tsufa, umarninsa ma sai ya ɗauki lokaci kafin ya isa. Don haka aka saba barin tashi da sauka a hannun ma'aikatan da ke filin jirgin, domin a lokacin sauka jinkirin daƙiƙa ɗaya ya isa ya jawo hatsari. A duniyar Mars abin ya fi haka: da motar binciken Perseverance ta sauka ranar 18 ga Fabrairun 2021, saƙonta na ɗaukar minti 11 kafin ya iso. Lokacin da injiniyoyi suka ji ta shiga iskar Mars, ita ta riga ta sauka.

Tsohon haske a cikin waya

Gure, mai nisan kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram a kan hanyar Diffa, gari ne da labari ya daɗe yana ratsawa. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya bi ta nan a ƙarshen 1852 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Wasiƙunsa kan yi watanni a hanya. A 1854 labari ya bazu a Turai cewa ya mutu, aka yarda, alhali yana raye, kuma ya koma gida a 1855. Mutanen Turai sun gaskata saƙon da ya iso gare su, ba su da hanyar duba sawu.

Yau saƙo na isowa cikin ƙiftawar ido, amma matsalar ta sauya kama ne kawai. Bidiyon da ya shigo WhatsApp ɗinka da safe yana iya zama na shekara 5 da suka wuce, ko na wata ƙasa dabam. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da CEDEAO ke barazanar amfani da ƙarfi, masu tantance labarai na kafofi irin AFP da BBC sun gano tsofaffin bidiyoyi da aka riƙa yaɗawa da sunan abin da ke faruwa a Nijar. Bidiyon gaskiya ne, ba haɗi ba, kamar yadda hoton Stargazer na nesa gaskiya ne. Kwanan watan ne ƙarya.

Wani lokaci ma hoton daga wasan kwamfuta yake. An sha yaɗa yankuna daga wasan Arma 3 a matsayin yaƙin Yukren, har kamfanin Bohemia Interactive da ya ƙirƙire shi ya fitar da sanarwa a Nuwamban 2022 yana bayyana alamun gane su: hoto dishi-dishi, kyamara mai rawa, yawanci da dare, kuma da wuya a ga mutane suna motsi. A 2017, ma'aikatar tsaron Rasha da kanta ta wallafa hoton wani wasan waya a matsayin hujja a kan Amurka, daga baya ta janye.

Ga ɗan ci-rani, wannan ba abin wasa ba ne. Wanda ke Aljeriya ya ga bidiyon hari an rubuta sunan garinsu a kai yana iya kwana ba barci, ya aika kuɗin da bai shirya ba, ko ya tura wa mutum 50 kafin gari ya waye. A yankin da manoma da makiyaya ke zaune kafaɗa da kafaɗa, tsohon bidiyon rikici da aka saka wa sabon suna yana iya tayar da sabon rikici.

Maganin da Data ya kawo yana aiki a nan ma: a nemi abin da lamarin zai bari a bayansa in da gaske ya faru. In an ce an kai hari kasuwa, wa ka sani a garin da za ka kira? Gidan rediyon yankin ya faɗa? Lambar motocin da ke cikin bidiyon ta wace ƙasa ce, kakin sojojin na ina ne, wane harshe ake ji? An ce jiya ne, amma ciyawa kore shar alhali muna tsakiyar rani? Ana kuma iya ɗaukar hoto ɗaya daga bidiyon a saka a Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a baya. Duk wannan ba ya wuce minti 5.

Mu ma muna da namu

Masu ganin labarin sararin samaniya kayan Turawa ne kawai sun manta da Tauraruwa Mai Wutsiya, littafin da Umaru Dembo ya fitar a 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata. A cikinsa wani yaro mai suna Kilba ya yi tafiya sama tare da wani baƙo daga wata duniya. A Nijar, Moustapha Alassane ya fara yin fina-finan zane tun shekarun 1960 da kayan aikin da bai taka kara ya karya ba. A 2019 kuma wasu matasa a Kaduna da ke kiran kansu The Critics suka ja hankalin duniya da gajerun fina-finan kimiyya da suka ɗauka da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle. J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin fim ɗin Star Trek na 2009 da Star Wars na 2015, yana cikin waɗanda suka aika musu kayan aiki.

Abin da ya sa Dabarar Picard ta daɗe a bakin mutane shi ne marubutanta sun ɗauki gaskiya ɗaya ta kimiyya suka gina yaƙi a kanta, sannan suka nemo mata makari daga wata gaskiyar. Matashin da ke son rubuta irin wannan da Hausa yana da kayan aiki a kusa: kawalwalniya, bin sawu, tafiyar ayarin Bilma da taurari, da dabarun 'yan kokawa da ke nuna ƙafar dama su kama ta hagu. Tuddan rairayin da ke kewaye da Gure ma sun isa su zama wata duniya a gaban kyamara, kamar yadda hamadar Tunisiya ta zama a Star Wars na farko a 1977.